Manomin Gobir na biyan kuɗin ruwan bashin da bai ci ba

Tsakanin Fabrairu da Nuwamban 2024, Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Olayemi Cardoso, ya ɗaga kuɗin ruwa har sau shida, daga kashi 18.75 zuwa kashi 27.5 cikin ɗari. Hujjarsa ita ce idan bashi ya yi tsada, kuɗi za su ragu a hannun jama'a, farashin kaya ya sauko.

Wannan lissafi na iya aiki a Legas. Amma a Sabon Birni da Isa, ƙasar da tsohon birnin Alkalawa yake, ba yawan kuɗi ne ya sa gero tsada ba. Gonaki ne aka bari babu shuka, kuma ƙauyuka da dama sai sun biya 'yan bindiga haraji kafin su yi noma ko girbi. Yankin da aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya rasu a hannun masu garkuwa a Agustan 2024, wane manajan banki ne zai aika ma'aikacinsa ya duba gona a can?

Duk da haka kuɗin ruwan na iske manomi har gida. Babban dillalin taki da ya karɓi bashin banki a kan kusan kashi 30 ba daga aljihunsa zai biya ba. Yana ɗora wa mai shago, mai shago ya ɗora wa manomin da ya karɓi taki bashi da damina, zai biya da buhunan hatsi da kaka, lokacin da hatsi ya fi araha. Mutumin da bai taɓa cike takardar banki ba, wanda ma yake ƙyamar riba saboda addininsa, shi ne na ƙarshe a layin biya.

Su kuwa bankuna ba su da dalilin wahalar da kansu. Gwamnati na cin bashi a hannunsu da ruwa mai tsoka, babu fargabar fari ko hari. Ga kuma ribar da suka kwasa bayan faɗuwar darajar naira a Yunin 2023. Shi ya sa a Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya nemi a karɓi rabin ribar canjin kuɗin, Majalisar Tarayya ta mayar da shi kashi 70. Harajin ya dace, domin ba gumin banki ne ya kawo ribar ba, sauyin manufar gwamnati ne. An ce kuɗin za su tafi ayyukan raya ƙasa, ilimi da lafiya.

To, ya kamata gwamnati ta fito ta faɗi nawa aka tara da inda aka kai su. Shirin Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015 ya sha suka kan bashin da ba a biya ba, kuma Babban Bankin ya janye hannu daga irin waɗannan shirye-shirye ba tare da wani abu mai ƙarfi ya maye gurbinsa ba. 'Yan majalisar da ke wakiltar gabashin Sakkwato su nemi a ware wani kaso na harajin domin tsaya wa ƙungiyoyin manoman Isa, Sabon Birni da Goronyo, ta hannun Bankin Manoma da bankunan da ba sa karɓar ruwa irin su Jaiz, a ba da taki da iri kafin ruwan farko ya sauka, tare da jami'an tsaron da za su raka kayan har ƙauye.