Motar lantarki da alƙawarin gobe: abin da mai saye a Anka, Gummi da Bukkuyum ya kamata ya riƙe

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, lissafin duk mai abin hawa ya sauya. Litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake naira 1,000 a wurare da dama. Ɗan kabu-kabun da ke ɗaukar fasinja a Gummi, da direban da ke jigila tsakanin Anka da Gusau, babu wanda ke buƙatar a yi masa bayani, domin aljihunsa ya riga ya faɗa masa.

Wannan ne ya sa maganar abin hawa mai aiki da caji ta daina zama labarin Turai. A 2021 hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ta buɗe tashar cajin mota mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. A Maiduguri an jima ana ganin motocin haya masu caji a kan titi. Babura da Keke Napep masu batir sun fara shiga kasuwannin manyan biranen Arewa, kuma duk abin da ya sauka Kano ko Sakkwato, ba ya daɗewa bai iso yammacin Zamfara ba, sabo ko na hannu.

Ci gaba ne da ya kamata a yi maraba da shi. Sai dai akwai wata ɗabi'a da ta zo tare da wannan kasuwa, wadda ya dace a san ta tun kafin a zuba kuɗi. Kamfanoni sun koyi sayar da mota haɗe da alƙawarin cewa nan gaba za a ƙara mata ƙarfi, ko gudu, ko nisan zango, ko basira. Mai saye yana biyan kuɗi yau a kan abin da zai samu gobe, idan goben ta zo.

Yadda ake kulle ƙarfin mota

Motar fetur da aka saba da ita, ƙarfinta yana jikin injinta. Motar lantarki kuwa manhaja ce ke yanke mata iyakar wutar da batir zai saki da iyakar abin da inji zai ja. Don haka kamfani yana iya ƙera mota da cikakken ƙarfi, ya kulle wani ɓangare, daga baya ya buɗe shi daga nesa ta intanet, ba tare da bakanike ya taɓa ko ƙusa ɗaya ba.

Duniya ta ga haka ƙarara a 2017, lokacin da guguwar Irma ta nufi jihar Florida ta Amurka. Kamfanin Tesla ya buɗe wa wasu masu motocinsa ƙarin zango na ɗan lokaci domin su tsere. An yaba masa, amma abin ya tuna wa mutane cewa batirin da ke cikin motocin ya fi abin da aka bar su suna amfani da shi, sauran a kulle yake sai an biya.

Daga nan abin ya zama sana'a. A ƙarshen 2019 Tesla ya fara sayar wa masu wani samfurin Model 3 ƙarin saurin tashi a kan dala 2,000. A 2022 Mercedes-Benz ya sanar da irin wannan a Amurka a kan dala 1,200 duk shekara. A 2025 Volkswagen ya fito da tsarin biyan fam 16.50 duk wata a Birtaniya domin a buɗe cikakken ƙarfin motar ID.3. BMW ma ya gwada karɓar kuɗin wata-wata kafin kujerar mota ta yi ɗumi, sai da ƙorafi ya yi yawa ya janye a 2023.

Adalci ne a faɗi cewa tsarin yana da amfani. Ana gyara matsaloli da yawa ba tare da mai mota ya je gareji ba, kuma wanda bai damu da gudu ba yana iya sayen motar da sauƙi. Amma hannun da ke buɗewa shi ne ke kullewa. A 2019 wata sabuwar manhaja da Tesla ya tura ta rage ƙarfin batirin wasu motocin Model S. Masu motocin suka garzaya kotu, a 2021 kamfanin ya amince ya biya mutum 1,743 dala 625 kowannensu.

Alƙawarin da ya tsufa

Babban darasi yana cikin labarin tuƙin kai. A watan Oktoban 2016 Tesla ya sanar da cewa duk motar da yake ƙerawa daga lokacin tana ɗauke da kayan aikin da za ta buƙata domin ta tuƙa kanta gaba ɗaya, manhaja kawai ake jira. Mutane suka biya dubban daloli tun kafin su gani, har farashin ya kai dala 15,000 a 2022. A 2019 kamfanin ya fito da sabuwar kwamfutar mota, ya riƙa sauya wa waɗanda suka biya. A watan Janairun 2025 kuma shugabansa, Elon Musk, ya amsa da bakinsa cewa ita ma wannan kwamfutar sai an sake sauya ta. Zuwa wannan lokacin, an shafe shekara takwas ana jiran abin da aka riga aka biya, alhali mota tana tsufa.

Wasu ma kamfanin ne ya rasu ya bar su da marayar mota. Fisker na Amurka ya durƙushe a watan Yunin 2024, masu motocinsa suka koma haɗa ƙungiya suna neman kayan gyara da masu iya taɓa manhajar da kansu. A Birtaniya kuma, a shekarar dai, masu tsofaffin Nissan Leaf sun rasa damar sarrafa motocinsu ta waya, saboda ana shirin rufe tsohon layin sadarwar da motocin suka dogara da shi.

Duk wannan ya faru ne a ƙasashen da ke da kotuna masu sauri, da lauyoyin masu saye, da ofishin kamfani a kowane babban birni. To, ina ga wanda ya sayi abin hawansa daga hannun dila na uku, ya kawo shi Bukkuyum?

Ƙasar da alƙawarin zai sauka

Sabunta mota daga nesa yana buƙatar sabis, kuma mutanen Zamfara sun san darajarsa fiye da kowa. A farkon Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, wasu yankunan suka kusa wata uku babu kira balle intanet. Duk abin hawan da sai ya gaisa da kamfaninsa kafin ya yi aiki yadda ya kamata, ko wanda ake biyan kuɗinsa kashi-kashi ta waya kuma ana iya kashe shi daga nesa, zai iya zama gunki a irin wannan yanayi. Ba a fatan a maimaita, amma mai hankali yana lissafi da abin da ya taɓa faruwa.

Sai wutar lantarki. Zamfara tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna ne, tare da Sakkwato da Kebbi, kuma a ƙauyuka da yawa na waɗannan ƙananan hukumomi uku sola da janareto ne abin dogaro. Ga zafin bazara da ke wuce maki 40, wanda ke gajarta rayuwar batir. Ga ƙura, ga ramuka, ga kayan da ake laftawa ranar kasuwa. Nisan zangon da aka rubuta a takardar talla an auna shi ne a kan lafiyayyen titi da nauyi kaɗan. A hanyar da matsalar tsaro ta sa kowa ke son ya isa gida kafin magariba, batirin da ya ƙare a tsakiyar daji ya wuce asarar kuɗi, yana iya zama asarar rai.

Akwai kuma batun motocin hannu. Mafi yawan motocin da ke yawo a Najeriya an riga an yi amfani da su a waje kafin su sauka Legas ko Kwatano. Garantin kamfani galibi yana aiki ne a yankin da aka sayar da motar tun farko, kuma wasu abubuwan da mai motar na farko ya biya aka buɗe masa ba lallai su bi motar zuwa hannu na biyu ba. Dilan da ya ce "ai ana ƙara mata ƙarfi ta intanet" yana iya faɗin gaskiya game da Amurka, ya kuma zama bai faɗi komai ba game da Gummi.

Saboda haka ƙarin da ya fi damun mai saye a nan ba gudun tsere ba ne. Abin da ke gabansa shi ne batir: shekara nawa zai yi, nawa ne sabo, a ina ake samunsa, kuma idan kamfani ya fito da wanda ya fi shi, zai shiga tsohon babur ko kuwa sai an sayi sabon babur ɗin dungurungum? Batir ne ɓangare mafi tsada a jikin abin hawan lantarki. Wanda ya ci bashi ko ya sayar da amfanin gona ya sayi Keke Napep, idan batir ya mutu babu madadi, jarinsa ne ya mutu.

Ina tsohon batir zai tafi?

Wannan tambaya ta fi nauyi a Anka da Bukkuyum fiye da ko'ina a Najeriya. A 2010 ne ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano gubar dalma a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Sunke a Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. Aƙalla yara 400 suka rasu, wasu dubbai suka buƙaci magani, aikin tsabtace Bagega kuwa sai 2013 aka yi shi. Wancan karon daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje gubar ta fito.

Dalma ɗin nan ita ce a cikin batiran masu araha da ake sa wa kekuna da babura masu caji da yawa, da na solar gidaje. Idan aka sauya su da na litiyam, ko suka mutu, mafi yawansu hannun 'yan gwangwan suke faɗawa, wasu su fasa su, su zubar da ruwan a ƙasa, su narka dalmar a fili. Bai kamata yankin da ya binne ɗaruruwan yara saboda dalma ya sake buɗe mata ƙofa da sunan ci gaba ba. Duk kamfanin da ya yi alƙawarin sabon batir, dole ya faɗi wanda zai karɓi tsohon.

Abin da ya kamata a yi

Ga mai saye, ƙa'idar ɗaya ce: ya biya kuɗin abin da ya gani yana aiki a ranar ciniki. Gani ya kori ji. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin gargaɗi kan cinikin kifi a cikin ruwa, kuma ƙarfin da za a ƙara wa mota wata rana bai fi kifin nan tabbas ba. Ya gwada abin hawan da kaya a kan irin hanyar da zai riƙa bi. Ya nemi a rubuta masa a rasit shekarun garantin batir, da farashin sauya shi, da adireshin wurin gyara mafi kusa. Ya tambaya ko abin zai yi aiki idan babu sabis, da kuma ko akwai mai ikon kashe shi daga nesa. Dilan da ya ƙi rubuta abin da ya faɗa da baki, ya riga ya ba da amsa.

Ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kabu-kabu suna da ƙarfin da mutum ɗaya ba shi da shi. Idan za a sayo wa mambobi da yawa, a sa sharaɗin horar da bakanikai na cikin gari da ajiye kayan gyara a Gusau ko kusa da nan, kafin a biya kuɗin ƙarshe.

Gwamnatin Dauda Lawal da shugabannin ƙananan hukumomi, duk ranar da za su sayo irin waɗannan ababen hawa domin rabon tallafi ko sufurin jama'a, kada bikin ƙaddamarwa ya rufe musu ido. Kwangilar ta ƙunshi garantin batir, da wurin caji, da tsarin karɓar matattun batira. An sha ganin kayan tallafi sun zama tarkace cikin shekara biyu saboda rashin ƙaramin abin gyara.

A matakin tarayya, dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba hukumar FCCPC ikon hukunta tallan yaudara. Ya dace ta fayyace cewa alƙawarin ƙari nan gaba, muddin da shi aka ja hankalin mai saye, wani ɓangare ne na ciniki, wanda bai cika ba ya mayar da kuɗi. Hukumar SON ta sa ido kan ingancin batiran da ke shigowa, NESREA kuma ta bibiyi inda suke ƙarewa.

Abin hawan lantarki zai iya rage wa talakan yammacin Zamfara raɗaɗin tsadar mai, musamman da yake rana ba ta yi wa yankin rowa ba. Amma amanar da aka ci a farkon shigowar kaya tana da wuyar dawowa. Idan ɗari na farko da suka saya suka ƙare da matattun babura a zaure, dubun da ke bayansu ba za su kusanci abin ba. Hausawa sun ce alƙawari kaya ne. Kamfanin da ya ɗauka shi ya kamata ya ji nauyinsa, kada a sauke shi a kan ɗan kabu-kabun da ya sayar da buhunan gerosa ya saya.