Tayar da naƙuda: A daidaita mudun awo kafin a ci gaba da bincike

Idan ciki ya wuce lokacinsa, ko faya ta fashe naƙuda ba ta zo ba, ko hawan jini ya fara barazana ga uwa da ɗa, likita kan yanke shawarar tayar da naƙuda. Hanyoyin sanannu ne: ƙwayar misoprostol, ruwan naƙuda na oxytocin, ko robar Foley da ake sanyawa a bakin mahaifa. An yi ɗaruruwan gwaje-gwaje a duniya domin gano wadda ta fi. Sai dai kowane mai bincike ya riƙa awo da mudunsa.

Wani ya ƙirga matan da suka haihu cikin awa 24, wani ya ƙirga waɗanda aka yi wa tiyata, wani kuma ya tsaya kan buɗewar bakin mahaifa, bai ce uffan ba kan jinin da uwa ta zubar ko halin da jariri ya shiga. Da aka zo haɗa sakamakon wuri guda don fitar da ƙa'ida, sai lissafi ya ƙi haɗuwa. Mafi muni, wanda aka bar wa zaɓin abin da zai bayyana yana iya fito da abin da ya yi wa maganinsa kyau, ya binne sauran.

Don magance wannan ne aka kafa shirin COMET a 2010, sannan editocin mujallun lafiyar mata suka ƙaddamar da CROWN a 2014. A 2018 mujallar BJOG ta wallafa jerin abubuwa 28 da likitoci, ungozomomi, masu bincike da matan da suka haihu suka amince kowane gwajin tayar da naƙuda ya auna. Ciki akwai yadda aka haihu, zubar jini, fashewar mahaifa, cire ta, mutuwar uwa ko jariri, jijjigar jariri, da gamsuwar ita kanta mai haihuwar, abin da aka daɗe ana mantawa da shi kamar ba a jikinta ake aikin ba.

Najeriya ba 'yar kallo ba ce a nan. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna mata kusan 82,000 sun rasu a ƙasar nan a 2020 sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Maganin da ya yi kyau a asibitin da ke da na'urar bibiyar bugun zuciyar jariri da ɗakin tiyata a kusa, ba lallai ya yi kyau inda ungozoma ɗaya ke kula da ɗakin haihuwa duk dare ba, balle oxytocin da ke buƙatar firiji a inda wuta ba ta tsayawa. Ba za a gane bambancin ba sai binciken asibitocin koyarwa na Ibadan, Kano da Inugu ya auna abu ɗaya da na ƙasashen waje.

Jerin yana da giɓi. Ya faɗi abin da za a auna, amma bai gama fayyace yadda za a auna ba: zubar jini daga mililita 500 ne ko 1,000? Bibiyar lafiyar yaro na shekaru kuma tana cin kuɗin da ƙananan masu bincike ba su da shi. Wannan hujja ce ta ƙara tallafi.

Gyaran bai buƙatar sabuwar doka. Kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, NHREC, da NAFDAC mai ba da izinin gwajin magunguna, suna iya tambayar duk mai neman amincewa ko ya sanya waɗannan ma'aunai, in bai sanya ba ya kawo dalili a rubuce. TETFund ma ya dace ta sanya wannan cikin sharuɗɗan kuɗin binciken da take bai wa jami'o'i, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya kuma ta fitar da takardar umarni ga asibitocin koyarwa da ke ƙarƙashinta.