Matakan Ciwon Baifola: Tarihin Majiyyaci Ya Fi Gwajin Jini

Likitan ciwon daji ba ya fara magani sai ya san matakin da cutar ta kai. A 2007 Michael Berk da abokan aikinsa a Ostareliya suka kawo shawarar a riƙa auna ciwon baifola haka, wato larurar da ke jefa mutum tsakanin matsanancin zumuɗi da baƙin ƙunci. Ma'auninsu ya faro daga mai haɗarin gado wanda ciwon bai bayyana gare shi ba, ya ƙare kan wanda ciwon ya daina sakinsa. A 2009 Flávio Kapczinski na Barazil ya ɗora nasa kan tambayar da ta fi amfani: idan ciwon ya lafa, shin mutum yana komawa ga sana'arsa da iyalinsa?

Daga nan aka shiga neman shaida a jini. An ga BDNF, sinadarin da ke raya ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, ya yi ƙasa a jinin waɗanda suka daɗe da ciwon, alamomin kumburi kuma sun hau. Sai dai wannan matsakaicin rukuni ne, kuma ƙiba ko shan taba ma suna motsa alamomin kumburi. Har yau babu gwajin da zai nuna matakin majiyyaci guda.

Kwatancen da ciwon daji ma yana da haɗari, domin ba kowa ciwon ke tsananta masa ba. Abin da ke hannun likita shi ne tarihi: sau nawa ciwon ya tashi, kuma wace irin lafawa ta biyo baya. Bincike da dama ya nuna maganin litiyam ya fi aiki kafin tashin ya yawaita, shi ya sa shekarun da iyali ke ɓatawa kafin zuwa asibiti suke da tsada.