Maƙwabci ya riga mu zuwa ƙofar mabuƙaci



Ya ɗan'uwa Musulmi, dubi mabiya Katolika na Maraɗi da Yamai. 'Yan tsiraru ne a Nijar, amma ta hannun ƙungiyarsu ta agaji, CADEV, suna raba cimaka a shekarun yunwa, suna gina rijiyoyi, kuma akasarin masu amfana Musulmi ne. An ƙona majami'unsu a Damagaram da Yamai cikin Janairun 2015, amma aikin bai mutu ba.

Wasu na cewa farautar imani ce. To, wa ya bar maraya da yunwa har wani ya riga mu gare shi? Zakka rukuni ce: ushirin geron da damina ta shayar idan ya kai nisabi, da ɗaya cikin arba'in na kuɗin da suka shekara. Ka fitar da taka bana?

Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta halatta kyautata wa wanda bai yaƙe mu ba. Ka kiyaye musu haƙƙin maƙwabtaka, ka yi tsere da su wajen alheri. Kafin Juma'a, nemi gidan da ba a ɗora tukunya ba a unguwarku.

Allah ya sa mu dace.