Wurin kare cikin mota ne, ba ɗakin da ake ja a baya ba

Daga ƙarshen watan Mayu zuwa farkon Satumba, manyan hanyoyin Amurka cika suke yi da ɗakuna masu taya. Mutum ya maƙala ɗaki guda a bayan a-kori-kurarsa, da gado da kicin da banɗaki a ciki, ya kwashi iyali ya nufi gandun dajin Yellowstone ko bakin teku, inda dare ya riske shi nan ne gida. Yawancinsu a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙera su. Mu direbobin manyan motoci ba ma ɗokin wannan lokaci, don mun san yadda ɗakunan nan ke rawa a kan kwalta idan mun zo wucewa. Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya a wuraren hutawa nake ganinsa. A tsaya, maigida ya zagaya baya ya buɗe ƙofar ɗakin, sai ga kare ya diro, harshe a waje, ƙafafu na kakkarwa.

Ni dai a ganina, muddin taya na juyawa, kare ba shi da wurin zama a wannan ɗaki. Ko da keji, ko babu keji.

Na san mai karatu a Kano ko Maraɗi zai ce, to Malam, kare ne fa. Kare ne, amma mai rai ne, kuma wanda ya ajiye shi don farauta ko gadi ko kiwo ya ɗauki nauyinsa a wuya. Hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa ba baƙo ba ne a wurinmu.

Wanda bai taɓa jan kaya ba yana ɗauka abin da yake ji a kujerar gaba shi ake ji a baya. Ina! Motar da ke ja an yi mata sifirin da shokozoba don jin daɗin mutum. Da yawa daga cikin ɗakunan kuwa sifirin ne kawai, babu shokozoba ko ɗaya, domin maƙerin bai yi lissafin za a sami mai numfashi a ciki ana tafiya ba. Duk ramin da taya ta faɗa, kai tsaye girgizar ke hawa ciki. Masu wannan yawo sun saba buɗe ƙofa su tarar durowa ta zazzage, kwanuka sun watse a ƙasa, firiji ya buɗe kansa. Karen da ke ciki tamkar tsakuwa ce a gwangwani.

Sai kuma rawar da na ambata. Ɗakin gaba ɗayansa a kan ƙwallon ƙarfe ɗaya yake rataye, faɗinsa inci 2 ne ko da 'yar ɗoriya. Ƙa'idar masu ja ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin ɗakin ya danne wannan ƙwallo. Idan aka jibge kaya ta can baya, gaban ya yi sakayau, sai wutsiya ta fara kaɗawa hagu da dama. Motata idan ta cika da lodi tana kai tan 36, kuma iskar da take turawa tana fara ingiza ɗakin gefe, sannan ta zuƙo shi wajena. A madubi nake kallon direban yana kokawa da sitiyari. A hanyar I-80 ta jihar Wayomin, tsakanin Laramie da Rawlins, iska kan yi ƙarfin da hukuma ke hana dogayen motoci marasa nauyi bin hanyar ɗungurungum. Idan kuwa ɗakin ya kife, ba ya lotsewa kamar mota, tarwatsewa yake yi. Bangonsa siririn alminiyam ne ko faiba a kan soso da 'yan katakai, kuma ba a yi masa gwajin karo irin wanda ake yi wa motar fasinja. Na sha wuce irin wannan ɓarna a gefen hanya, katifa a nan, tukunya a can.

Mu ɗauka ba a yi haɗari ba. Zafi kaɗai ya isa. Na'urar sanyaya ɗakin da ke kan rufi wutar gida take ci, sai an isa masauki an jona ta, ko an tayar da janareta. A kan hanya a kashe take, tagogi a rufe. Wani bincike da aka buga a mujallar likitocin yara ta Amurka a 2005 ya nuna motar da aka ajiye a rana a rufe, zafin cikinta na ƙaruwa da kusan digiri 22 a ma'aunin salshiyas cikin awa guda, mafi yawansa a rabin awar farko, kuma ɗan sassauta gilashi bai canza komai sosai ba. Mota aka auna, ba ɗaki ba, amma akwatin da aka rufe a rana duk hali ɗaya gare shi, balle a ce cunkoso ya tsayar da kai a Finiks ta Arizona, inda digiri 43 ba labari ba ne a watan Yuli. Kare ba ya gumi kamar mu, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake fitar da zafi. Zafin jikinsa na lafiya tsakanin 38 ne da 39, idan ya haura 41 ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa sun shiga uku. Karnuka masu daƙwalen hanci da Turawa ke so su suka fi saurin faɗuwa. Wasu masu dabara sukan bar janareta na aiki ana tafiya. Mu da muka san gidajen da hayaƙin janareta ya kwashe iyali guda cikin dare ba sai an yi mana bayani ba. Ga kuma tukunyar gas ta girki tana jijjiga tare da komai.

Babban abin dai shi ne ba ka gani, ba ka ji. A 1983 Mitt Romney, wanda daga baya ya yi gwamnan Masachusets, ya ɗaure kejin karensa a kan rufin mota ya yi tafiyar kusan awa 12 zuwa Ontariyo ta Kanada. A hanya gudawa ta kama karen. Jaridar Boston Globe ta fito da labarin a 2007, kuma har ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 2012 ana yi masa gori da shi. Yadda aka gane karen na cikin wahala shi ne ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya ga ƙazanta na gangarowa a gilashin baya, aka tsaya a gidan mai. Amurkawa sun yi ta Allah wadai, amma karen da ke kan rufi ya fi wanda ke ɗakin baya gata ta wannan fuska. Na baya ko amai yake yi, ko igiyar wuyansa ta sarƙe da ƙafar tebur, ko ya suma, babu gilashin da zai nuna.

Doka ta san da wannan, sai dai mutum kawai ta tuna. A Birtaniya haramun ne a ɗauki fasinja a ɗakin da ake ja, kuma ƙa'ida ta 57 ta littafin dokokin hanya ta ce a tsare dabba da kyau a cikin mota. A Kalifoniya ma an hana mutum zama a ciki, sai a irin manyan da ake ɗaurawa a tsakiyar bodin a-kori-kura, su ma da sharaɗin gilashi mai inganci, da ƙofar da ke buɗuwa ta ciki da waje, da na'urar yi wa direba ishara. Wace ishara kare zai danna?

Akwai masu cewa ai dawaki ma a tirela ake jan su. Gaskiya ne. Mu ma shanu daga Potiskum da Maigatari a tirela suke zuwa Legas. Sai dai tirelar doki don doki aka ƙera ta, da tagogin iska da shinge da shimfiɗar roba, ta shanu kuma a buɗe take, ga yara na lura da wadda ta durƙushe, ko da yake zaman yaran a can shi ma abin faɗa ne. Mafarautan Amurka suna da akwatunan karnuka masu mashigar iska da ake ja, ba da su nake ba. Wasu kuma sukan ce sun sa kyamara da ma'aunin zafi da ke aiko saƙo a waya. Ya fi babu. Amma a dajin Nebada sabis ɗaukewa yake yi, kuma kyamara ba ta hana kifewa.

Kare ya shiga mota, kujerar baya, cikin keji mai ƙwari da aka ɗaure, ko da ɗamarar ƙirji da aka maƙala a bel. A lura da kejin ma, don gwajin da cibiyar Center for Pet Safety ta yi a 2015 da tallafin kamfanin motoci na Subaru ya nuna da dama ba sa jure karo a gudun mil 30 a awa kacal. A tsaya duk bayan awa biyu ko uku a ba shi ruwa ya miƙe ƙafa. 'Yan uwanmu mafarauta da ke ɗora karnuka a saman lodi da tsakar rana, wannan ta shafe su, su nemi inuwa su yi sammako. Wanda motarsa ta cika da yara har babu wurin kare, ya bar shi gidan ajiyar karnuka ko ya fito da mota ta biyu. Jihohin da suka riga suka hana mutum zama a ɗakin kuma, layi ɗaya ya rage su ƙara a dokar, a haɗa da dabba.