Me Za A Tuna A Kulungugu?

A ƙauyen Kulungugu, kusa da Bawku a arewacin Gana, an kafa alamar tunawa a wurin da aka jefa wa Shugaba Kwame Nkrumah gurneti ran 1 ga Agusta, 1962. Yana komowa ne daga Tenkodogo, inda ya gana da Shugaba Maurice Yameogo na ƙasar da a yau ake kira Burkina Faso. Da yake kwanansa na gaba, raunuka kawai ya samu, aka yi masa magani a Bawku.

Kafa irin wannan alama ba laifi ba ne. Abin tambaya shi ne, wane labari ake ba mai ziyara? Domin kuwa maganar ba a Kulungugu ta ƙare ba.

Bayan harin an kama ministoci biyu, Tawia Adamafio da Ako Adjei, tare da sakataren jam'iyyar CPP, Cofie Crabbe. A watan Disamba na 1963 kotu ta wanke su. Nan da nan Nkrumah ya tuɓe Alƙalin Alƙalai, Sir Arku Korsah. Aka sake shari'ar, aka yanke musu hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi ɗauri. A 1964 Gana ta zama mai jam'iyya ɗaya, Shugaba kuma ya sami ikon korar alƙalai.

Raunin Shugaba ya warke da wuri, na shari'a shi ne ya daɗe. Saboda haka ya kamata duk wanda ya tsaya a wurin a gaya masa labarin duka biyun.