Tagwaye A Kwamfuta Ɗaya: A Raɗa Musu Suna Kafin A Goge

Ran 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025 ne kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, sai fa ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Wannan babbar manhaja ta fito ne a watan Yuli na 2015, watau ta shekara goma cif tana yi wa mutane aiki. Magajiyarta, Windows 11, tana nan tun watan Oktoba na 2021, amma mutane da yawa ba su yarda su rabu da tsohuwar ba, ko dai sabo da tsohuwar na'urar buga takardu da ba su tabbata za ta yi aiki da sabuwar ba, ko kuwa sabo da wata manhajar lissafin kuɗi da ofis ya saba da ita. Dabarar da wasu su ke yi ita ce su ɗora biyun a kwamfuta ɗaya, in an kunna ta a zaɓi wadda za a shiga.

Dabarar ba ta da laifi. Inda gizo ke saƙa shi ne allon zaɓin nan da ke bayyana da zarar an kunna na'ura. In Windows 10 ce da Windows 11, da sauƙi, domin ko ba kome lambar ta bambanta. Amma in mutum ya ɗora Windows 11 Home da Windows 11 Pro, ko ya ɗora iri ɗaya sau biyu, ɗaya don aikin ofis ɗaya don yara, ko kuma mai gyara ya sake ɗora sabuwa bai kawar da tsohuwar ba, sai allon ya nuna suna ɗaya sau biyu, ba abin da ya raba su sai wata 'yar lamba ta ɓangaren faifai da ke ƙarƙashin sunan, wadda ba kowa ke lura da ita ba. Ranar da wuri ya yi kaɗan aka ce a goge ɗaya, a nan ne a ke yin ɓarna. Kundin ɗalibi na shekarar ƙarshe, da takardun mutane da ke ajiye a shagon buga takardu, da lissafin bashin ɗan kasuwa, duk suna iya salwanta cikin minti guda sabo da an ɗauki Hassan a matsayin Husaini. Hausawa dai sun ce kama da wane ba ta wane.

Kafin mu zo kan magani, ya kamata mu san yadda abin ya ke. Abubuwa uku ne ke aiki a duk lokacin da aka kunna kwamfuta, kuma kowanne zaman kansa ya ke yi. Na farko shi ne ɓangaren faifai inda ita kanta Windows ta ke zaune tare da fayilolin mai ita. Na biyu shi ne wani ɗan kundi da a ke kira BCD, inda aka rubuta sunan kowace Windows da ɓangaren da za a same ta. A zamanin Windows XP wannan kundi fayil ne na rubutu mai suna boot.ini, wanda kowa ke iya buɗewa ya gyara, amma tun daga Windows Vista, wadda ta shiga kasuwa a watan Janairu na 2007, aka musanya shi da BCD, wanda sai da kayan aiki na musamman a ke taɓa shi. A kwamfutocin zamani masu tsarin UEFI, wannan kundi yana ajiye ne a wani ƙaramin ɓangare na dabam, wanda sau da yawa girmansa megabait 100 ne ko sama da haka kaɗan, kuma Windows ba ta nuna shi cikin jerin faifai na yau da kullum. Na uku shi ne jerin da ita kanta na'urar ta ke riƙe da shi a allonta, wanda a ke gani in an danna F12 a kwamfutocin Dell da Lenovo da yawa, ko F9 a na HP, tun kafin Windows ta fara tashi.

Abin lura a nan shi ne sunan da ke allon zaɓi alama ce kawai mai nuna hanya. In an goge sunan, Windows ɗin tana nan daram a ɓangarenta, tana cin wurin da ta ke ci. In kuwa aka wanke ɓangaren aka bar sunan, sunan zai ci gaba da bayyana, amma duk wanda ya zaɓe shi sai ya ci karo da saƙon cewa an kasa tayar da Windows. Ƙaramin ɓangaren nan mai riƙe da kundi kuma na kowa da kowa ne, in aka goge shi, dukansu biyu ba mai tashi, ko da kuwa ba a taɓa fayil ko ɗaya a cikinsu ba.

Akwai kuma wani abin da ke ƙara rikita mutane, watau harafin C. Galibi kowace Windows, in ka shiga cikinta, ɓangarenta ta ke kira C, ta ba 'yar'uwarta wani harafi, kamar D ko E. Sabo da haka ɓangaren da ka sani da D jiya, yau shi ne C in ka shiga ta ɗaya ƙofar. Mutumin da ya ce "ai D zan wanke", bai faɗi kome ba tukuna sai ya san a cikin wacce ya ke tsaye.

Maganin duk wannan shi ne raɗin suna, kuma a yi shi tun ranar da aka ɗora ta biyun, kada a bari sai ranar da a ke cikin gaggawa. Ga yadda a ke yi. Ka shiga ta farko, ka buɗe baƙin allon umarni da a ke kira Command Prompt da ikon mai kula da na'ura. Da farko ka adana kwafin kundin kamar yadda ya ke, ta hanyar rubuta bcdedit /export sa'an nan ka biyo da wurin da ka ke so a ajiye shi, zai fi kyau a kan filash. In wani abu ya lalace daga baya, bcdedit /import zai mayar da shi yadda ya ke. Bayan haka ka rubuta bcdedit /set description "Windows 11 Pro ta Ofis", ko duk sunan da ka ga dama. Da ya ke ba ka ambaci lambar kowace ba, umarnin zai faɗa kan wadda ka ke ciki a lokacin, ke nan babu zancen kuskure. Sa'an nan ka sake kunna na'ura, ka shiga ta biyun, ita ma ka raɗa mata nata, alal misali "Windows 11 Home ta Gida". Kada ka tsaya nan. A cikin kowacce, ka buɗe jerin faifai ka canza sunan ɓangaren C ya dace da sunan da ka ba ta, domin sunan ɓangare yana bin sa duk inda aka duba shi, alhali harafi kuwa canzawa ya ke yi.

Da an gama wannan, sauran aikin mai sauƙi ne. Windows ta kan jira daƙiƙa 30 a allon zaɓi kafin ta shiga wadda aka sa a gaba, kuma yawanci wadda aka ɗora daga baya ita ke karɓe gaban. Wanda ya ke son canza wannan sai ya buɗe msconfig, ya je shafin da ya shafi tayar da na'ura, ya zaɓi wadda ya fi amfani da ita ya mai da ita ta gaba, ya kuma rage jiran zuwa daƙiƙa 10 ko abin da ya ga ya dace. Amma fa msconfig ba ya canza suna, shi ya sa muka fara da bcdedit. Kada kuma a mai da jiran ya zama sifiri, domin allon ba zai tsaya ba balle a zaɓi ta biyun. Har wa yau, in ka zaɓi wadda ba ita ce ta gaba ba ka ga na'ura ta sake kunna kanta kafin ta shiga, hankalinka ya kwanta, haka shuɗin allon zaɓi ya ke yi tun daga Windows 8.

To, in ranar rabuwa ta zo fa? Sai a bi abin daki-daki. Ka shiga wadda za ka bari, ka kwashe duk abin da ka ke bukata daga wadda za ta tafi, ka buɗe fayilolin a sabon wurinsu ka tabbata sun buɗu. Ka mai da wadda za ka bari ta zama ta gaba. Sa'an nan ka goge sunan ɗayar a msconfig, ka kashe na'ura ka kunna, ka ga ta tashi lafiya. Sai bayan wannan ne za ka wanke ɓangaren, kana kallon sunan da ka raɗa masa. Ƙaramin ɓangaren nan na kundi kuwa, ko kusa da shi kada ka je.

Masu faifai biyu a na'ura ɗaya su ƙara yin hattara. In aka ɗora Windows ta biyu a sabon faifai alhali tsohon yana haɗe, sau da yawa mai ɗorawar ba ya yin sabon ɓangaren kundi, sai ya rubuta sunan sabuwar a kundin da ke tsohon faifai. Ranar da aka cire tsohon faifan ko ya mutu, sabuwar ma ba za ta tashi ba. Wanda ya ke son kowane faifai ya tsaya da ƙafarsa sai ya cire tsohon kafin ya ɗora, daga baya ya mayar, ya riƙa zaɓa ta jerin na'ura. In kuwa suna ne kawai ya ɓace daga kundi, umarnin bcdboot, tare da nuna masa inda jakar Windows ɗin ta ke, zai sake rubuta shi ba tare da an ɗora kome daga farko ba.

Akwai tarko biyu da ya wajaba a ambata. Na ɗaya shi ne tsarin tashi da sauri da ya zo da Windows 8 a 2012. In ka kashe na'ura, Windows ba ta rufe kome da kome, ta kan ajiye wani sashe na halin da ta ke ciki don ta tashi da wuri. In ka shiga 'yar'uwarta ka yi rubutu a faifan da ba a rufe sosai ba, fayiloli na iya lalacewa. Umarnin powercfg /h off yana kashe wannan, kuma a cikin kowacce za a yi shi. Na biyu shi ne kullen BitLocker. Sababbin kwamfutoci da yawa suna zuwa da faifai a kulle ba tare da mai su ya lura ba, kuma taɓa tsarin tayar da na'ura na iya sa a nemi mabuɗin ceto mai lamba 48. Wanda ba shi da wannan mabuɗi, fayilolinsa sun tafi, ko shi kamfanin ba zai iya buɗe masa ba. Galibi yana ajiye a asusun Microsoft na mai na'ura, sai a nemo shi a rubuta a takarda kafin a fara kome.

Masu amfani da Linux su ma ba su tsira ba. Ubuntu da Linux Mint 'yan ɗaki ɗaya ne, domin an gina ta biyun a kan ta farkon, har ma suna ajiye mai tayar da su, watau GRUB, a jaka mai suna ɗaya cikin ƙaramin ɓangaren nan. Wadda aka ɗora daga baya ita ke riƙe da allon zaɓi, sabo da haka in aka wanke ɓangarenta ba tare da an fara mayar da GRUB hannun ɗayar ba, na'ura sai ta tsaya a baƙin allo tana jiran umarni. Bugu da ƙari, tun daga GRUB 2.06 na shekarar 2021, sashen da ke neman sauran manhajojin da ke cikin na'ura ya kan zo a kashe, sai an kunna shi sa'an nan maƙwabciyar ta bayyana a jeri.

Daga ƙarshe, ba kowa ne ke bukatar tagwayen ba. Wanda abin da ya ke nema kawai shi ne Pro maimakon Home, yana iya ɗaga wadda ya ke da ita da lasisin Pro, fayilolinsa na nan inda su ke. Wanda zai sayi kwamfuta ta hannu, a Computer Village ta Ikeja ko a wata kasuwa, ya tambaya ko tana da TPM 2.0, domin Windows 11 na bukatarsa, tare da wurin ajiya na aƙalla gigabait 64. Wanda kuma ya bar Windows 10 don wata tsohuwar manhaja, ya sani cewa kowacce cikin biyun tana iya kaiwa ga fayilolin 'yar'uwarta in ba a kulle su ke ba, ke nan cutar da ta shiga ta tsohuwar ba za ta tsaya can ba. Gara a raba ta da intanet.

Muna kuma kira ga masu gyaran kwamfuta da su riƙa raɗa wa kowace Windows suna kafin su miƙa wa mai kaya kayansa, su nuna masa wacce ce wacce. Aikin bai wuce na minti biyar ba. Shi ma mai kaya, in an ce za a goge ɗaya, ya tsaya a gabansa a buɗe kowacce ya ga abin da ke ciki da idonsa kafin ya ce a ci gaba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.